Sunayen da Ban Zubar Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yayanki Sani da iyalinsa da kika sauka a wurinsu a Kano. Allah ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, ya tsare jirgin da mai tuƙa shi, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa. Mu nan lafiya lau.

Audu mai kemis ne yake rubuta wannan takarda, ni ina faɗa. Ya ce me zai hana in kira ki a waya a gama yanzu, na ce masa ya riƙe alƙalami ya bar min shawara. Na kuma ja masa kunne kada ya gyara min magana. In kin ga wani wuri ya yi santsi da yawa, to nasa ne.

An haife ki shekarar zaɓen layi. Ke ba ki san shi ba sai a takarda. Babu akwati, babu dangwale a ɓoye. Hoton ɗan takara ake ɗaurawa a sanda a filin makaranta, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, da rana tsaka, a bi ana ƙirga kawunanmu kamar tumaki a kasuwar Ɗambatta. Innarki tana cikin wankan jegonki a lokacin. Daga wannan shekara zan fara, domin a cikinta aka shuka abin da ya fito daga bakina ranar da kika zo sallama.

Kin tuna, ba sai na tuna miki ba, amma zan faɗa don ki san ban ɓoye wa kaina ba. Kika zo zaure kika zauna a gefe, dattawa suna nan. Kika ajiye wayarki a kan tabarma kika ce, "Baba, ina so in ɗauki muryarka kafin in tafi. Ka ba ni labarin zaɓukan garin nan, da yadda ake gaya wa masu mulki gaskiya a da, da yadda ake yi yanzu." Ni kuwa na sa sanda na ture wayar, na ce, "Wa ya turo ki?" A gaban mutane. Kika ɗauke ta kika goge da gefen mayafi, kika ce, "Ba kowa, Baba." Washegari kika durƙusa kika gaishe ni kamar kullum, kika tafi tasha ba ki bari na raka ki ba. Tun ranar Innarki tuwo kawai take ajiye min, ba ta ajiye min magana.

An ce karatun da za ki je ba na shekara ɗaya ba ne. Ni kuma gwiwoyina sun fara yi min sallama. Ba na so in kwanta dama alhali abin ƙarshe da kika riƙe daga bakina shi ne waccan tambaya. Shi ya sa na tsare Audu, masu sayen magani suna jiransa.

Akwai abin da kika tarar ya riga ya lalace, ba ki gan shi da ransa ba, wato zaman masussuka. Duk kaka, in an gama sussukar gero, magidantan garin nan sukan taru a masussuka, mu da mutanen unguwar su Iliya, waɗanda iyayensu Maguzawa ne, su kuma yanzu suna zuwa coci. Mai unguwa ya cire rawaninsa ya zauna a kan kara kamar kowa. A ranar, duk mai ƙorafi sai ya gaya masa ido da ido. Wani ya ce ka danne min iyakar gona don surukinka, wani ya ce kai matsoraci ne a gaban dagaci. Na taɓa jin an kira Mai unguwa da sunan da uwarsa take kiransa. In an gama an yanke abin da za a yi, sai a fasa goro, kowa ya gutsura. Da zarar an ci goron nan maganar ta mutu. Ba mai tayar da ita a masallaci ko a kasuwa ko a kunnen matarsa.

Mutum ɗaya ne aka yarda ya tashi da wani abu a kansa, shi ne mai riƙon magana. Baffana ne yake riƙe da ita kafin ni. Da ya ga ba na mantuwa, sai ya fara zaunar da ni kusa da shi. Ranar da ya miƙa min, ya ce, "Isiyaku, aikin nan rabi riƙewa ne, rabi zubarwa. Abin da aka yanke, ka riƙe shi har kabari. Wanda ya faɗa, ka zubar da sunansa kafin ka isa ƙofar gida."

Na ce, "To, Baffa." Rabin farko na iya shi fiye da shi kansa. Rabin biyu ban taɓa gwadawa ba. Daɗi nake ji in ga komai yana zaune a kaina, wa ya yi magana, wa ya yi tari, wa ya sunkuyar da kai. Iliya ne ya sa min suna Rediyo tun muna samari muna gayya tare, ni kuma ina jin daɗin sunan.

To, shekarar zaɓen layi, Iliya da mutanen unguwarsu suka tsaya a bayan wanda ya faɗi. Bayan an gama, yaran wanda ya ci suka zo gari da albishir ɗin rijiya guda ɗaya. Suka sauka a zaurena, daidai inda kika ajiye wayarki. Babbansu ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam Isiyaku, an ce mana ba abin da yake wuce ka. Ni dai ban yarda ba. Ba wanda zai riƙe layi guda cur a kansa."

Na ce, "Layi guda? Ai raini ne. Biyun zan ba ka."

Na jero musu namu layin daga gaba har baya. Na jero na su Iliya, har wanda ya zo a kan jaki, har wanda ya tsaya yana ɓoye fuska da malafa. Suna tafawa suna cewa, "Kai! Allah ya yi baiwa a nan!" Da daɗin ya ɗebe ni, sai na ƙara musu da abin da ba su tambaya ba: abin da kowa ya faɗa a kan ɗan takararsu a masussuka, maganar da aka riga aka ci goro a kanta.

A ƙofar unguwarmu aka haƙa rijiyar. Unguwar su Iliya suka ci gaba da zuwa rafi. Taki ma in ya zo, a kanmu yake ƙarewa. Tabita matar Iliya, wadda ta yi ta kawo wa Innarki itace da ruwan wankan jegonki a kanta, ita ce ta tsufa a hanyar rafi. Wannan ba asiri ba ne, garin nan kowa ya sani, ke ma kin taɓa ji a bakin mata. Abin da ba ki ji ba shi ne ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya saye ni. Yabo kawai aka yi min.

Na haɗu da Iliya a iyakar gonarmu bayan haka. Ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Rediyo, ashe har tashar gwamnati kake kamawa?" Ya yi dariya, ni ma na yi. Bai zage ni ba, bai daina gaishe ni ba. Amma daga ranar, in ya zo masussuka, zama kawai yake ya ci goro ya tashi.

Ga abin da nake so ki ɗauka a nan, Uwani. A inda za ki, ke ma kanki zai cika da maganganun mutane, kuma naki ya fi nawa, domin naki a na'ura yake. Mai zuwa da barazana za ki gane shi tun daga ƙofa. Ki ji tsoron mai zuwa da yabo, wanda zai ce ba a taɓa yin mai sani irinki ba, don Allah ki ɗan nuna masa abin da kika tara. Kafin ki buɗe baki, ki tambayi kanki a ƙofar wa za a haƙa rijiyar.

Kuskure na biyu taurin kai ne, kuma kin san wannan ba baƙona ba ne. Da waya ta shigo gari na rantse ba zan riƙe ta ba, har yau ban riƙe ba. Ina ganin hakan mutunci ne. Samari suka fara zuwa masussuka suna tsayawa a baya, suna ɗaga wayoyinsu sama. Liman ya matso ya ce min, "Malam Isiyaku, abin nan fa yana ɗaukar magana. Kai ne mai riƙo, ka sa baki." Na ce, "Ƙyale su, Liman, abin wasan yara ne. Gwangwani ne zai riƙe abin da na riƙe?" Gaskiyar ita ce kishi nake da shi, kuma ban so a ga na tambayi yaro yadda yake aiki.

A shekarar ne Tanko tela ya tashi a kan maganar rabon taki. Kin san bakin Tanko. Ya yi magana mai tsawo, da mai daɗi da marar daɗi, a tsakiya ya zabga wa kansila wata kalma da ba zan sa Audu ya rubuta ba. Aka yi dariya, aka sasanta, aka yanke yadda za a raba, aka ci goro. Ashe wani ya yanko wannan kalmar ita kaɗai, ya watsa. Ta bi wayoyi ta je Ɗambatta, ta je Kano, ta je inda Tanko bai taɓa takawa ba. Wata ranar kasuwa wasu mutane suka zo a mota suka ɗauke shi daga kan keken ɗinkinsa, rigar wani tana ƙarƙashin allura ba a gama ba.

Da ya dawo na je gaishe shi. Ya rame, yana ta kallon ƙofa. Ya ce, "Malam, muryata suka kunna min. Na ce musu ai an ci goro a kan maganar nan. Suka ce, wane goro?"

Na yi masa sannu na fito.

Yanzu je ki masussuka ki gani. Mai unguwa ya cire rawani ya zauna, a yi shiru, wani ya ce Allah ya ja zamaninka, a ce amin, a ci goro a watse. Shi kansa Mai unguwa ya same ni ya ce, "Isiyaku, ba mai gaya min laifina kuma. A bayan idona nake jin komai, shi ma a yanke." Ba soja ne ya rufe mana baki ba, ba a kafa mana doka ba. Kowa dai ya san akwai kunne a aljihun maƙwabcinsa, kuma kunnen ba ya cin goro.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Wayar nan ni ce, Uwani. Ni ce ba tare da Baffa ba. Tana riƙewa ba ta zubarwa, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta jero masa. Bambancinmu, ni zan mutu, ni kuma ina jin kunya. Don haka kada ki yi irin nawa, ki raina abu don kada a ce ba ki iya ba. Abin da ba ki sani ba ki tambaya, ko a wurin wanda kika girma ne. Ƙin sanin da na yi bai kare kowa ba, Tanko ne ya biya.

Amma kada ki je ki rubuta cewa tsoho ya ce da komai lafiya, waya ce ta ɓata. Na so in faɗi haka, Innarki ta hana ni, ranar da ta daina yi min gaba ta tanka min. Ina zaune ina wannan kukan nawa na masussuka, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta ce, "Malam, masussukar taku da kake yi wa makoki, yaushe ta taɓa jin muryata?" Na ce ai ba a saba ba. Ta ce, "To, mu yanzu mun saba." Ashe su matan gari suna da nasu zaman a cikin wayar, suna tura wa juna murya. Da rufin ɗakin haihuwa na asibitin garin nan ya yi ta yoyo damina bayan damina, mu maza mun yi ta cewa za a duba. Su suka ɗauki hotonsa da bokitai a ƙasa suka watsa, suka ƙi yin shiru, har aka zo aka gyara. Matan unguwar su Iliya ma suna ciki. Abin da ya rufe bakin Tanko shi ya buɗe na Innarki. Ni wannan ya fi ƙarfin kaina. Ina jin shi ne abin da kike ta ƙoƙarin gaya min kina nazari, ni kuma ina gyaɗa kai ba na saurare.

Wannan shi ne kuskure na uku, kuma shi ya fi ci min rai. Shekara da shekaru kina koyarwa a jami'a, in an tambaye ni aikinki sai in ce, "Tana koya wa yara waya." Kin taɓa zaunar da ni kika ce, "Baba, ina bincike ne a kan yadda waya da intanet suke ba talaka baki, da yadda masu mulki suke bi ta cikinsu su rufe bakin." Na ce, "Allah ya taimaka," na tambaye ki farashin wake a Kano. Da na saurara, da na gane cewa ciwon da na kwana da shi tun shekarar haihuwarki, shi kika ɗauka ya zama aikinki. Ranar da na ga wayar nan a kan tabarmata, ba ke na gani ba. Mutanen rijiya na gani, da bakina yana jero sunaye. Kaina na ture da sandar nan, amma ke ta sama. Ki yafe min.

Kuma ki riƙe wannan, domin za ki sake haɗuwa da irina. In kika je wurin tsoho ko tsohuwa da na'urarki suka ƙi magana, kada ki rubuta cewa jahilci ne. Wataƙila sun san wani Tanko. Ki mayar da abin cikin jaka, ki zauna ki sha ruwansu, ki gaya musu inda muryar za ta je da wanda zai ji ta. In ba ki san inda za ta ƙare ba, ki faɗa musu ba ki sani ba. Kada ki yi wa kowa alkawarin da na'ura ba za ta cika ba.

Can ƙasar mutane za su so labarinmu, za su tafa miki. In kina ba su, ki tuna waɗanda kike magana a kansu suna nan suna zuwa kasuwa, kuma motar da ta ɗauki Tanko ta san hanyar garin nan. Ke kina nesa, su suna kusa. Kada kuma ki ba da labarinmu kamar mu kaɗai ne masu wannan ciwo. Audu ya ce su ma can wayar tana haɗa su faɗa. In haka ne, ki duba nasu da idon da suke duba namu.

Ki tsare sallarki. Ki ci abinci mai zafi, ba biskit ba. Ki riƙa kiran Innarki, kuma in kin kira, ki ce ta miƙo min. Zan karɓa. Audu ya ɗago kai yana kallona. Rubuta, na ce zan karɓa.

Yanzu maganar muryar. Zan ba ki. Duk abin da aka yanke a masussuka tun zamanin Baffa, da zaɓukan da na gani, da labarin rijiya, da na taki, zan zuba miki su a wayarki, domin in na tafi da su ba wanda ya rage yana riƙe. Amma da sharaɗi. Sunana ki sa shi ɓaro-ɓaro, Isiyaku, kada ki sakaya, ni na yi abin da na yi. Sunan wani kuwa ba zai shiga ba sai da yardar mai shi, in ya rasu sai da yardar 'ya'yansa. Wannan takarda ma da na ambaci mutane a ciki, taki ce ke kaɗai, ba ta bincike ba ce. Rabin aikin da Baffa ya ba ni ban yi ba, da tsufana zan fara.

Iliya ban taɓa ce masa ya yafe min ba. Na ba shi irin gero shekarar da nasa ya ƙi, na taya shi noma da ƙafarsa ta kumbura, na tsaya a bakin kabarin Tabita har aka gama. Duk na yi, amma kalmar ban faɗa ba, shi ma bai nema ba. Kullum sai dai, "Rediyo, yau me aka ce a labarai?" in ce, "An ce tsofaffin Maguzawa sun ƙi mutuwa," mu yi dariya mu rabu.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Allah ya sa karatun nan ya amfani waɗanda ba za su taɓa karanta shi ba. Allah ya tsare bakinki daga abin da bai tsare nawa ba, ya yi miki albarka duniya da lahira. Innarki tana gaishe ki, ta ce kuka da daddawa suna hannuna. A gaida Sani da mai ɗakinsa da yara.

Direban motar yamma zai kawo miki wannan takarda. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, in na ba awaki dusa, zan ɗauki goro in bi ta hanyar rafi zuwa gidan Iliya. Zan faɗa masa kalmar, sannan in tambaye shi ko ya yarda sunansa da na Tabita su shiga wayarki. Daga nan in biya shagon Tanko. Abin da suka ce, shi ke nan, ba zan roƙa ba. Sai in hau mota a Ɗambatta in taho. Ki shimfiɗa tabarma ki ajiye wayar a kai. In kika ji na yi shiru a tsakiyar labari, kada ki kashe ta, kada kuma ki tambaye ni. Wurin sunan wani ne.

Ni ne mahaifinki,
Malam Isiyaku